ABUBUWAN ZAMANI: Ko tabilet tana iya ƙilga taku?

Filin Abubuwan Zamani ya sake zagayowa. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Tambayar wannan wata ta fito daga wani ƙauye cikin jihar Maraɗi. Ta shafi gona, ta kuma shafi bashi.

YADDA MAGANAR TA TASO

Wani dattijo yana son ɗaukar bashin takin zamani wurin ƙungiyar manoma ta garinsu. Magatakardan ƙungiya ya ce sai ya faɗi girman gonarsa, domin da girman gona ake lissafin buhu. Dattijo bai taɓa auna gonar ba. Gadonta ya yi wurin mahaifinsa. Abin da ya sani shi ne yawan damman hatsi da take ba shi in damana ta yi kyau.

Ɗansa ya komo daga cin rani a Yamai da tabilet cikin jaka. Ya ce:

"Baba, ba sai an jira malamin gona ba. Wannan abu yana ƙilga taku. In na taka gonar daga gabas zuwa yamma, zai faɗa mana tsawonta."

Dattijo ya ce: "To, ɗana, mu tafi mu gani."

Yaro ya riƙe tabilet a hannu, ya taka daga iccen gawo har iyaka. Ta ba da lamba. Ya sa ta cikin jaka, ya rataya, ya komo ta kan sawunsa. Ta ba da wata lamba dabam. Ƙanensa ya karɓa, ya hau jaki, ya bi wannan layi. Ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, amma tabilet ta rubuta masa taku.

Dattijo ya ce: "Gona ɗaya, tsawo uku? Da wanne za a ɗauki bashin?"

Da dare aka kai maganar makarantar karatun manya. Gardama ta tashi. Waɗansu suka ce abin ƙarya yake yi. Waɗansu suka ce yaron ne bai iya aiki da shi ba. Malamin karatu ya rubuto tambayar: shin tabilet tana iya ƙilga taku, ko ba ta iyawa?

Ga amsa a taƙaice. Tabilet da yawa suna iyawa, in an sa musu abin da ya kamata, kuma in suna jikin mai tafiya. Amma ƙilgar tasu ta kintace ce. Ta isa mutum ya san ko ya yi tafiya mai yawa yau. Ba ta isa a auna gona da ita ba. Ga dalili.

MINENE TABILET?

Tabilet ƴar'uwar wayar salula ce, irin wadda ake shafawa da yatsa. Ta fi salula faɗi, kamar ƙaramin allon makaranta. Nauyinta yakan kusa rabin kilo. Mutanen karkara sun saba ganinta hannun malaman gona, da ma'aikatan likita, da masu zuwa ɗaukar sunayen jama'a. Ta bazu cikin duniya daga shekarar 2010, lokacin da kamfanin Apple na Amurka ya fito da tasa mai suna iPad. Sauran, irin na Samsung da na kamfanonin ƙasar Sin, yawancinsu suna aiki da tsarin da ake kira Android.

ABIN DA KE CIKIN CIKINTA

Tabilet ba ta da idon da ke kallon ƙafar mutum. Abin da take da shi ɗan ma'aunin motsi ne. Girmansa bai wuce ƙwayar dawa ba.

Domin a gane aikinsa, a dubi mace mai ɗauke da ƙwaryar ruwa daga rijiya. Duk takun da ta yi, ruwan ya kaɗa. In ta yi sauri, ya kaɗa da ƙarfi. In ta tsaya, ya kwanta. Wanda ke kallon ruwan kawai, ko bai ga ƙafarta ba, zai iya cewa ga yawan takun da ta yi.

Haka ma'aunin motsi yake. Cikinsa akwai wani ɗan nauyi wanda ido ba ya gani. An rataye shi da ƴan zaruruwa waɗanda suka fi gashin kai siranta. In tabilet ta motsa, ɗan nauyin ya gusa kaɗan. Wutar batir ce ke auna wannan gusawa, sau hamsin ko sau ɗari cikin daƙiƙa guda. Yana jin motsi ta fuska uku: sama da ƙasa, gaba da baya, dama da hagu.

Tun farko ba domin ƙilgar taku aka ƙera irin wannan ma'auni ba. Cikin shekarun 1990 aka fara sa shi da yawa cikin mato. In mato ta yi karo, shi ne ke jin bugun, ya buɗe jakar iska wadda ke kare ƙirjin direba. A 2007 wayar iPhone ta fito da shi. Aikinsa a waya da tabilet shi ne ya san ko an riƙe su tsaye ko kwance, domin rubutu ya juya daidai da idon mai karatu.

Nan akwai gwaji mai sauƙi. A riƙe tabilet tsaye, a kwantar da ita gefe. In rubutun ya juya, tana da ma'aunin motsi. In bai juya ba, a duba ko an kulle juyawar cikin saiti. Kusan dukan tabilet suna da wannan ma'auni, har masu arha.

Waɗansu masu tsada suna da na biyu, ma'aunin juyi. Shi yana jin lokacin da aka karkata tabilet ko aka murɗa ta. Yana taimaka wa na farko, amma ko babu shi ana iya ƙilgar taku.

ƘAƘA GIRGIZA TAKE ZAMA TAKU?

Ma'auni ba ya ƙilga kome da kansa. Girgiza kawai yake ji. Mai ƙilgar wani ɗan tsarin lissafi ne da ake sa wa tabilet, wanda ake kira aplikasiyo.

Tafiyar mutum tana da kiɗinta. In ƙafa ta sauka, jiki ya ɗan girgiza. In ta tashi, ya lafa. Babban mutum mai tafiyar niyya yana yin taku 100 zuwa 120 cikin minti guda, wato kusan biyu cikin daƙiƙa. Aplikasiyo yana neman wannan kiɗi. In ya ji girgiza tana zuwa bi da bi, da tazara iri ɗaya, sai ya ce wannan tafiya ce, ya fara ƙilga. Da yawa daga cikinsu suna jira su ji taku da dama a jere kafin su yarda. Shi ya sa mai kai da kawowa cikin ɗaki, taku uku nan, huɗu can, ba a rubuta masa duka.

A shekarar 2013 aka sami ci gaba. Wayar iPhone 5s ta fito da wani ɗan sashe na musamman mai kula da motsi dare da rana, ba tare da shan batir da yawa ba. Cikin wannan shekara kuma Android 4.4 ya ba masu ƙera waya hanyar sa irin wannan maƙilgi. Yau salula da yawa suna da shi.

Tabilet kuwa, da yawa ba su da wannan sashe. Masu ƙera su sun san ba a yawo da su cikin aljihu. A irin wannan tabilet, aplikasiyo ne ke yin aikin duka daga ma'aunin motsi. Yana shan batir. Wani lokaci in fuskar tabilet ta mutu, ƙilgar ma ta tsaya, mai tafiya bai sani ba.

A 2023 kamfanin Apple ya sa wa iPad aplikasiyonsa na lafiya. Mutum yana iya ganin yawan takunsa a ciki. Amma lambar daga salularsa ko agogon hannunsa ake aiko ta.

Akwai kuma maganar izini. Tun daga Android 10, wanda ya fito a 2019, sai mai tabilet ya ba aplikasiyo izinin sanin motsin jikinsa kafin ya yi amfani da maƙilgin. In an hana izinin, lamba tana iya tsayawa kan sifiri ko an yini ana tafiya.

INDA TAKE KUSKURE

Tun da girgiza take ji, duk abin da ya yi kama da kiɗin tafiya yana iya ruɗe ta. Duk abin da ya ɓoye kiɗin kuma yana sa ta rage.

Tana ƙarawa:
1. In mai ita yana bisa jaki, ko doki, ko raƙumi.
2. In yana cikin amalanke ko bisa babur a hanya mai gargada.
3. In tana jikin mai daka, ko mai jan guga, ko mai saran icce.

Tana ragewa:
1. In an bar ta bisa tabarma an tafi aiki. Wannan shi ne babban dalili. Abin da ba ya jikin mutum ba ya jin tafiyarsa.
2. In an riƙe ta da hannu biyu ana kallon fuskarta. Hannu yana shanye girgizar.
3. In tafiyar a hankali ce ƙwarai, irin ta tsoho, ko ta maras lafiya, ko ta makiyayi mai bin dabbobi suna kiwo.
4. In ana jan ƙafa cikin rairayi mai zurfi.

In tana cikin jaka mai lilo, wani lokaci ta ƙara, wani lokaci ta rage.

Yanzu an gane abin da ya faru a gonar dattijo. Wajen zuwa, hannun yaro ya shanye girgiza. Wajen komowa, jaka ta yi lilo. Bisa jaki kuma, tafiyar jaki ta ji. Tabilet ba ta yi ƙarya ba. Abin da ta ji ta faɗa.

Mai son ƙilga mai ɗan kyau, sai ya sa ta cikin jakar da ke manne da jiki, ya yi tafiyarsa ta kullum, kada ya yi ta tsayawa. Duk da haka, salula cikin aljihun wando ta fi ta iya wannan aiki.

TAKU DABAM, METIR DABAM

A ce ma tabilet ta ƙilga daidai, ko ɗaya ba ta ɓatar ba. Da sauran magana. Ba ta san tsawon takun mutum ba. Kintace take yi, yawanci daga tsayin mai ita in ya rubuta mata.

Wannan matsala tsohuwa ce. Kowa ya san in ana auna zurfin rijiya da gaba, gabar dogo ta fi ta gajere. In ana sayen ƙyalle da kamu, mai saye yana son dogon hannu. Sojojin Rumawa, shekara dubu biyu da suka wuce, da taku suke auna hanya. Taku biyu suke ƙilgawa ɗaya, dubunsa kuma su kira shi mil. Su ma daga baya sai da suka tsayar masa da tsawo guda, kusan metir 1.480, suka kafa duwatsu bakin hanya.

Takun babban namiji bisa ƙasa mai tauri yakan kai santimetir 70 zuwa 75. Na mace da na yaro bai kai haka ba. Mutum guda ma takunsa yana sakewa. Cikin rairayi ya gajarta. In ya gaji ya gajarta. In yana ɗauke da kaya ya gajarta.

GA LISSAFI

Masu allo da alli su bi wannan lissafi a hankali.

Ekitar guda ita ce gona mai tsawon metir 100 da faɗin metir 100. Ɗari sau ɗari, murabba'in metir 10.000 ke nan.

A ɗauki misalin mutum mai takun santimetir 75. Metir 100 zai ci masa taku 133. Amma gonar jigawa ce, ƙafa tana nutsewa, takunsa ya koma santimetir 65. Yanzu metir 100 zai ci masa taku 154. Tabilet ba ta san da rairayi ba. Ta ɗauki 154 ta buga da santimetir 75, ta ce tsawon gona metir 115 ne. Faɗi ma haka.

Metir 115 sau 115, murabba'in metir 13.225 ke nan. Gonar ekitar guda ta zama ekitar guda da kusan kashi ɗaya cikin uku. Kuskuren tsawo da na faɗi sun haɗu sun haifi babba.

Mi wannan yake nufi wajen taki? Masu binciken noma na INRAN da na ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, sun koya wa manoma sa taki kaɗan-kaɗan cikin ramin shibka. In an shibka hatsi metir guda tsakanin rami da rami, ekitar tana ɗaukar rami 10.000. Kowane rami giram 6 na takin 15-15-15, wato kamar cikin marfin kwalbar lemo. Ekitar guda ta ci kilo 60. In takin DAP ne, giram 2 kowane rami, abin da yatsu uku suka ɗiba, kilo 20 ke nan ga ekitar.

Manomin da aka ce gonarsa 13.225 ce, za a lissafa masa kilo 79 maimakon 60. Ya ɗauki bashin kilo 19 wanda gonarsa ba ta buƙata. Da kaka kuma sai ya biya.

Kuskuren yana iya juyawa. A ce tabilet ta ɓatar da taku goma cikin kowane ɗari. Gonar ta koma metir 90 sau 90, wato 8.100. In jingina ce ko sayarwa bisa ekitar, mai gona ya yi asarar kuɗɗin murabba'in metir 1.900, kusan kashi ɗaya cikin biyar.

Kintacen ido ma yana da nasa kuskure. Binciken da masanan Bankin Duniya suka yi cikin ƙasashen Afirka ya nuna masu ƙananan gonaki sukan faɗi fiye da abin da suke da shi, masu manya kuma sukan faɗi ƙasa da shi.

TO, DA MI ZA A AUNA GONA?

Wani zai ce ai ya ga malamin gona yana zagaya gona da tabilet a hannu. Gaskiya ne. Amma malamin ba taku yake ƙilga ba. Yana aiki da wani sashe dabam, wanda ake kira GPS.

GPS yana sauraren taurarin ɗan Adam waɗanda ke yawo sama, nisan kilometir wajen 20.000. Daga saƙonsu yake gane inda mutum yake tsaye bisa ƙasa. Malami ya bi iyakar gona, ya tsaya kowace kusurwa, tabilet ta zana siffar gonar ta lissafa girmanta. Wannan ba ya buƙatar rezo, ba ya cin kuɗɗin waya. Sararin sama kawai yake so. Tabilet na Android da yawa suna da GPS. iPad kuwa, sai irin wadda ke aiki da layin waya take da shi.

GPS ma yana da iyakarsa. Na salula da tabilet yakan kauce da kamar metir 5 a fili. Ga gona mai ekitar biyu ko uku, wannan ba kome ba ne. Ga fangalin albasa ko ɗan garka mai metir goma, kuskure ne babba. Can sai igiya.

Igiya ita ce ma'aunin da kowane gari ke iya mallaka. A nemi igiya mai ƙarfi wadda ba ta miƙewa. A roƙi malamin makaranta ko magini ya auna ta da metir. A yanke ta metir 50, a ƙulla kulli kowane metir 10. Mutum biyu da turaku biyu sun isa aikin. Ƙungiyar manoma ta aje ta wurin magatakarda.

Wanda kuma yake son amfani da ƙafarsa, sai ya fara sanin takunsa. Ya ja igiyar sau biyu cikin gonarsa, metir 100 ke nan. Ya taka sau uku, yana ƙilgawa da baki. A ce ya sami 132, da 136, da 134. Ya haɗa su, 402. Ya raba uku, 134. Daga ranar ya san metir 100 taku 134 ne gare shi, cikin irin wannan ƙasa. Ya rubuta lambar cikin littafinsa. Wannan ya isa kintacen iri da taki.

Maganar iyaka, da gado, da jingina, da sayarwa, tana da hanyarta. Dokar karkara ta ran 2 ga watan Maris 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo. Akwai na gari, wanda maigari ke shugabanta, akwai na komin, akwai na departema. Can ake zuwa da shaidu da maƙwabtan gona, a taka iyaka gaban kowa, a rubuta takarda. Lambar taku ta cikin tabilet ba ta zama shaida. Haka kuma faɗin burtali da iyakar makiyaya. Kada wani ya ci burtali ya ce tabilet ta auna masa.

RABON MAKIYAYA

Makiyaya za su so jin wannan. Irin ma'aunin da ke cikin tabilet, a ƙasashen da ake kiwon shanun madara da yawa, ana ɗaura shi ga ƙafar saniya ko ga wuyanta. Saniya takan nemi sa kowane kwana 21 in ba ta ɗauki ciki ba, kuma lokacin ba ya kai yini da kwana. In tana nema ba ta zama wuri ɗaya. Tafiyarta takan ninka biyu, har fiye. Ma'auni ya ji, ya aika saƙo ga mai garke. In kuma tafiyar saniya ta ragu ƙwarai, alama ce ta ciwon ƙafa ko wata cuta.

Masu shanu ɗaruruwa da ƴan ma'aikata kaɗan suke buƙatar wannan. Makiyayin da ke kwana cikin garkensa yana ganin alamun nan da idonsa tun kafin a ƙera na'ura. Abin koyi a nan shi ne wurin da ake ɗaura ma'aunin: jikin mai tafiya, manne, dare da rana. Shi ya sa nasu yake aiki.

Makiyayin da ke son sanin nisan rijiya ko tabki daga mashekari, GPS ya fi masa ƙilgar taku. Tafiyar kiwo tsaye-tsaye ce, maƙilgi yana ɓatar da ita.

TAKU 10.000 KOWACE RANA?

Aplikasiyo da yawa suna cewa mutum ya cika taku 10.000 kullum. Ba likita ya yanke wannan lamba ba. A 1965 wani kamfanin ƙasar Japan mai suna Yamasa ya fito da ɗan maƙilgin taku na ratayawa ga ƙugu. Ya sa masa suna Manpo-kei, wato ma'aunin taku dubu goma. Sunan talla ne, sai ya bi duniya.

A 2019 masu bincike na jami'ar Harvard a Amurka suka bayyana abin da suka gani ga tsofaffin mata fiye da 16.000. Waɗanda ke yin taku wajen 4.400 a yini, mutuwa ta yi ƙaranci cikinsu bisa ga masu yin 2.700. Amfanin ya yi ta ƙaruwa har wajen 7.500, daga nan ya daidaita. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma da minti take lissafi. Ta ce babban mutum ya sami minti 150 zuwa 300 na motsa jiki kowane mako.

Taku 10.000 kilometir 7 da rabi ne ga mai takun santimetir 75. A gwada da aikin karkara. Mai shibka ekitar guda yana bin layi 100, kowane layi metir 100. Kilometir 10 ke nan. Macen da rijiyarsu ke da nisan kilometir 3, zuwa da komowa sau ɗaya ya fi taku 9.000, ga kaya bisa kai. Waɗannan sun cika lambar tun rana ba ta yi tsaka ba. Abin da ya fi musu amfani shi ne rijiya kusa da gari da amalanken ɗaukar ruwa.

Masu buƙatar maƙilgi su ne masu yini zaune: mai kanti, tela, direba, ma'aikacin biro, da wanda likita ya ce yana da hawan jini ko ciwon sukari, ya riƙa tafiya. Ga irinsu, ko ƙilgar kintace tana da amfani. Su gwada ta yau da ta jiya, da na'ura guda, a wuri guda na jiki.

A KULA DA ZAFI

Tabilet ba ta son rana. Kamfanin Apple ya ce tasa ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 35. Cikin watan Afrilu da Mayu zafin ƙasar Nijar yana wuce 40. Tabilet da ta yini cikin rana tana iya kashe kanta, batir kuma ya lalace da wuri. Ƙura da gumi ma suna shiga ramukanta. Gilashinta babba ne, faɗuwa ɗaya ta isa. Kuɗɗin gyaransa sun fi kuɗɗin igiya nesa ba kusa ba.

ƘARSHEN MAGANAR DATTIJO

Dattijo bai ɗauki bashi da ko ɗaya cikin lambobin nan uku ba. Ya jira ranar kasuwa, aka sayo igiya, malamin makaranta ya auna ta. Shi da ƴaƴansa biyu suka ja ta tsawo da faɗi, magatakarda yana rubutawa. Da aka gama, ya ce wa babban:

"Ɗana, aje allon naka cikin inuwa. Da dare ka buɗe mana shi, ka yi mana lissafin buhu."

Yaro ya ce: "To, Baba." Wannan aiki kuwa tabilet ta iya shi ƙwarai.

AIKIN WATA GA MAKARANTU

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Duk makarantar da ke iya aron tabilet ko salula mai ƙilgar taku, ta yi wannan gwaji:

1. A auna metir 100 da igiya, a kafa turke farko da ƙarshe.
2. Ɗalibi guda ya taka da na'urar a hannu, sauran suna ƙilgawa da baki.
3. Ya sake takawa da ita cikin jaka.
4. Ya sake takawa a hankali, kamar mai bin tumaki.
5. A rubuta bisa allo lambar baki da lambar na'ura, a fitar da bambanci.

Malaman karatu su aiko da abin da aka samu, tare da sababbin tambayoyi. Allah ya ba da damana mai albarka, ya kiyaye dabbobi. Sai wata mai zuwa.